Tarwaɗar da Ba Ta Taɓa Shiga Ruwa Ba

Aikina ɗaukar kaya ne. Ina da moto, babur mai ƙafa uku, ina kwaso buhunan albasa da na shinkafa daga gonakin bakin kogi zuwa kasuwar Malanville, wani lokaci har gindin gada inda manyan motoci ke jiran tsallakawa Gaya. Ranakun da babu kasuwa ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da la'asar, domin ban samu karatun boko ba sai da furfura ta fara fito mini. Da hannuna ya saba da alƙalami, abin da na fara so in rubuta shi ne labarin garar ɗiyar yayata. Na ɗauki kaya iri-iri a rayuwata, amma babu wanda ya ba ni mamaki kamar na wannan rana.

Yayata mijinta ya daɗe da rasuwa. Da sana'ar kayan zaƙi ta riƙe gidanta: nakiya, alkaki, dubulan, duk wanda za shi yi biki ko suna a unguwarmu wajenta yake zuwa. Tun muna yara a tsallaken kogi hannunta ba ya zama. In ta samu laka sai ta ƙera saniya ko raƙumi, har da igiyar wuya. Innarmu kan ce wagga yarinya da namiji ce da maƙera sun rasa aiki.

Ɗiyarta ta ƙarshe ta ga wani saurayi ɗan ƙauyen Garou tana so, shi ma yana sonta. Gidansu Sarkawa ne, masunta tun kaka da kakanni, waɗanda Dandawa ke kira Sorko. Anka ɗaura aure lafiya, anka kai amarya, saura gara.

Gara ita ce ma'aunin uwar amarya. In an karɓe ta da guɗa, ɗiya za ta zauna gidan miji da kanta a sama. In an raina ta, ko kuma, Allah ya kiyaye, an ce a koma da ita, maganar za ta bi ɗiyar har ta yi jikoki. Yaya ba ta da ƙarfin jera buhuna kamar yadda matan ƴan kasuwa ke yi. Abin da take da shi hannunta ne, ta kuwa ƙudura za ta kai musu abin da ba a taɓa gani a Garou ba.

Ana gobe za a kai garar, na je gidanta da hantsi na kai mata itace da kwakwar da ta ce in sayo mata ƙari. Ina shiga na ga babban kwando a bakin madafa cike da bandar tarwaɗa, kowace an lanƙwasa ta, wutsiya ta haɗu da baki, an soke da tsinke kamar yadda ake sayarwa a kasuwa. Baƙaƙe, suna sheƙi, suna warin hayaƙi.

Na ce, "Yaya, kin sayi banda ba ki gaya mini ba? Ai da na samo miki wajen mutanena na bakin ruwa."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Ɗauki guda ka ji ko ta bushe."

Na ɗauka. Ta fi bandar da na sani nauyi kaɗan, amma ga faffaɗan kai mai tauri, ga ƴan idanu, ga gashin baki da wuta ta ƙanƙance, ga zanen ragar ƙarfe a gefen ciki inda aka ɗora ta a kan murhu. Na ce da sauran danshi.

"Ciji wutsiyar," in ji ta. "Wutsiyar kawai, kada ka yi mini ɓarna."

Na ciza. Zuma ta cika mini baki, citta da kanumfari sunka biyo baya, sannan man shanu. Idona yana ce mini kifi, harshena yana ce mini nakiya, na rasa wanda zan gaskata. Sai na nemi turmi na zauna a kai.

Ta yi dariya har ta share ido da gefen zane. "Kai da kake kwana cikin masunta! To in kai ka faɗa, kowa zai faɗa."

Ranar ban koma kasuwa ba. Na zauna ina kallonta. Ta riga ta gama ƙera jikinsu kafin in zo, abin da na tarar shi ne aikin fata. Ta ƙona sukari a tukunya har ya yi baƙi-baƙi, tana tsoma gashin kaza tana shafa wa kowace, a baya da kauri, a ciki sama-sama, domin cikin tarwaɗa ya fi bayanta haske. Kafin ya daskare sai ta tsuke da yatsa biyu, fatar ta yi tamoji kamar wadda wuta ta ja. Idanu ƙwayar masoro ce. Gashin baki siraran zaren ƙullu ne da ta soya. Ta sa wani guntun waya a wuta, in ya yi zafi ta ɗora a gefen ciki, zanen raga ya fito. Daga ƙarshe ta jera su nesa da garwashi, ta zuba ɗanyen ciyayi, hayaƙi ya ratsa su na ɗan lokaci. Babu biyu da sunka yi kama da juna. Wata bakinta a buɗe, wata fatarta ta tsage a wuya, wata ta fi ƙonewa gefe ɗaya kamar mai banda ya yi hira ya manta da ita.

Na tambaye ta mi ya sa tarwaɗa. Ta ce, "Masunta ne. In na kai musu alkaki, kowa na kai alkaki. Ni sana'arsu nake so in girmama." Na ga maganar ta yi daidai. Babu wanda ya san akwai abin tambaya a ciki.

Washegari munka ɗora kaya a bayan moto: shinkafa, man gyaɗa, kwallayen alkaki da dubulan, sai kwandon nan da Yaya ta rufe da faifai ta rungume a cinyarta. Mata biyu na unguwa sunka raka ta. A shingen bayan gari wani jandarma da munka saba gaisawa ya tsayar da mu, ya ce mi ke cikin kwandon da ake riƙe da shi kamar jariri. Yaya ta ɗaga faifan. Ya leƙa, ya tambayi inda za mu, na ce Garou, gidan Sarkawa.

Ya kama ciki yana dariya. "Hajiya, kifi za ku kai wa masunta? Gobe kuma sai ku kai wa Fulani nono!"

Yaya ta ce, "Ranka ya daɗe, irin namu ba a kama shi da taru." Ta rufe kayanta, munka wuce muna dariya. Hanyar ta bi ta gefen fadamun shinkafa, balbela fari fat a cikin kore, iskar kogi tana kaɗa mayafan mata. Suna ta waƙa a baya har munka isa.

Gidan babba ne, taruna a shanye bisa danga, ga wani tsohon jirgi a kife a ƙofar gida ana zama a kai. Da yake ni kawun amarya ne, kuma ni ke sauke kaya, anka bar ni na shiga har tsakar gida. Wadda ta tarbe mu gwaggon ango ce, ƙanwar ubansa, doguwar mace mai murya, ita ke riƙe da al'amuran matan gidan. Anka shimfiɗa tabarmi, mata sunka cika wurin. Ana buɗe kwalla ana guɗa. Na hango amarya a bayan labulen ɗakinta tana leƙe, ta yi mini murmushi.

Yaya ta bar kwandon sai ƙarshe. Ta ajiye shi da kanta a tsakiya, ta ɗauke faifan.

Guɗar ta yanke a tsakiya. Wata tsohuwa ta ja jikanta baya. Gwaggon ta fizge faifan ta mayar da shi bisa kwandon da sauri kamar mai rufe wuta, ta juya ta ce wa matan da Dandanci, "Tarwaɗa ta shigo gidanga." Muna jin Dandanci, duk mun ji.

A nan munka san abin da ba mu sani ba. Tarwaɗa ita ce kan gidansu. Sun ce jirgin kakan kakansu ya taɓa kifewa a tsakiyar kogi lokacin cikar ruwa, wata babbar tarwaɗa ta tallafe shi har gaɓa, shi kuwa ya yi alkawari shi da zuriyarsa ba za su ci ta ba. In ta shiga tarunsu sukan cire ta su mayar ruwa. Ba a dafa ta a gidan, ba a shigo da ita ko a busasshe. Suna sallah kamar kowa, sun kuma san wannan ba hukuncin addini ba ne, amma alkawari ne, kuma suna tsoronsa. Sun ce wanda ya ci, fatarsa za ta yi dabbare-dabbare, ko kuma wata rana kogi ya ƙi maido shi.

Gwaggon ta fuskanci Yaya. "Uwar amarya, mi munka yi muku? Duk kifin da ke cikin koginga, sai wagga kunka zaɓa ku jera mana a tsakar gida?"

Yaya ta durƙusa. "Gwaggo, ku yi haƙuri, wallahi ba mu sani ba. Kuma ba kifi ba ne. Nakiya ce, da hannuna na yi ta."

"Nakiya!" Gwaggon ta tafa hannu. "Kun ji? A bakin ruwa anka yanke mini cibiya, yau za a koya mini kifi. Ni ban ji warin hayaƙi ba ne?"

Yaya ta miƙa hannu za ta ɗauko guda ta karya su gani, gwaggon ta riƙe mata wuyan hannu. "Ba a karya ta a gidanga. Ku tattara kayanku duka. Garar da ta zo da wagga ba ta kwana nan."

Na duba wajen labule. Amarya ta saki shi, ba na ganin komai sai ƙafafunta, ga su tsaye ba motsi. Ko sati biyu ba ta cika a gidan ba.

Hayaniyar ce ta fito da mai gidan, kakan ango. Tsoho ne ƙwarai, gajere, kafaɗunsa har yanzu faffaɗa irin na wanda ya tuƙa jirgi tun yana yaro. Ya zo yana dogara sanda, kowa ya ba shi hanya. Anka gaya masa. Ya ce a buɗe. Gwaggon ta ce, "Baba!" Ya ce a buɗe dai.

Ya sunkuya bisa sandarsa ya daɗe yana kallo. Bai taɓa ba. Ya shaƙi warin, ya girgiza kai, sannan ya dubi Yaya.

"Ɗiyata, kin ce ke kinka yi wagga?"

"Ni na yi, Baba."

"Ido shina cewa kin yi ƙarya, hanci ma ya bi bayansa. Amma fuskarki ba ta mai ƙarya ba ce." Ya miƙe. "To ga magana. Abin da anka hana mu mai ƙaya ne. A fitar da kwandonga ƙofar gida, baƙo ya karya guda. In babu ƙaya ciki, nakiya ce, a karɓi gara. In da ƙaya, ku ɗauki kayanku, babu faɗa."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Ai na ciza da bakina. Na ɗauki kwandon na nufi ƙofa, mutane na biye da ni. Yaya ta matso kusa da ni, na ga fuskarta ta yi fari kamar toka.

Ta ce a hankali, "Na sa musu ƙaya."

"Wace ƙaya kuma?"

"Kwakwar da kake ta sayo mini. Ka ɗauka mi nake yi da ita?"

Na ce, "Yaya, don Allah wa ya aike ki?"

Ta ce, "Kifi babu ƙaya ai ba kifi ba ne."

A ƙofar gida na ajiye kwandon kusa da tsohon jirgin nan. Maƙwabta sun taru, har masu gyaran taru sun bar aikinsu. Na ɗauko guda na zare tsinken. Na san wutsiya babu komai cikinta, yatsuna sunka gangara can da kansu. Yaya ta gani. Ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Karya ta tsakiya."

Na karya. Fatar ta tsage da ƴar ƙara. Naman ya buɗe sala-sala, ruwan ƙasa a waje, mai haske a ciki, kamar yadda naman banda ke rabuwa. A tsakiya ga ƙashin baya fari, gaɓa-gaɓa, ga ƙayoyi jere hagu da dama, dogaye wajen ciki, suna ƙanƙancewa zuwa wutsiya. Kowace an fere ta da wuƙa, an soka ta a wurinta, a cikin abin da za a rufe babu wanda zai gani sai mai ci. Na manta da rigimar da muke ciki. Na tsaya riƙe da rabi biyu a hannu ina ta salati. Wani masunci a bayana ya ce, "Tabarkalla," wani ya ce masa, "Tabarkallar mi, ai kifi ne."

Gwaggon ta ce, "To. Baba ya yanke, ƙaya ta fito. Magana ta ƙare."

Yaya ta ce, "Baba, kwakwa ce."

"Ɗazu nakiya, yanzu kwakwa," in ji gwaggon. "An jima za ki ce mana kan nan goro ne."

Na ce bari in ci a gabansu su gani. Ta dube ni sama da ƙasa. "Kawun amarya, ku ai kuna cin tarwaɗa har ku tauna ƙashi. Cinku ba shaida ba ne."

Gaskiya ta faɗa. Duk wanda zai iya ci, ba za a yarda da bakinsa ba. Wanda za a yarda da bakinsa kuwa, ɗan gida ne, ba zai iya ci ba. Matan da sunka rako mu sunka fara ɗaura mayafi. Daga cikin gida na ji ana rufe kwallaye.

Tsohon ya zauna bisa jirgin. Ya miƙo mini tafin hannu. Ya ga ban gane ba, sai ya ce, "Zaro mini ƙashin."

Gwaggon ta durƙusa gabansa. "Baba, kada ku yi. In fa ita ce?"

Ya ce, "In ita ce, fatata ta riga ta tsufa, babu mai kallonta. Kogi kuwa na daɗe ban shiga jirgi ba, sai dai ya biyo ni ɗaki. Amma yarinyar can da ke bayan labule, ita yanzu ta fara zama. Ba na bari a ce da ita uwarta ta kawo mana zagi, alhali ban tabbata ba."

Na zare ƙashin na ɗora masa. Na ga shi ma yana jin tsoro. Ya ɗaga shi wajen rana yana dubawa, ya karyi gaɓa guda da ɗan naman da ya manne mata, ya yi bisimilla, ya sa a baki.

Haƙoransa ba su da yawa, ya daɗe yana tauna. Babu mai tari. Har kukan tsuntsayen bakin ruwa muna ji. Ya rufe ido, ya haɗiye. Sai kafaɗunsa sunka fara motsi, na ɗauka ƙwarewa ya yi, ashe dariya ce.

Ya ce, "Ashe haka tarwaɗa take da zaƙi? Shi ya sa kakanni sunka hana mu, don kada mu ƙarar da ita!"

Wurin ya fashe. Masunta na dukan cinya, yara na tsalle ba su ma san abin da ake wa dariya ba. Tsohon ya ɗaga hannu. "Shinkafa ce da zuma da kwakwa. Wagga ba ta taɓa shiga ruwa ba, ba ta san kakana ba, babu alkawari tsakaninmu. A karɓi gara." Ya dubi Yaya, wadda ke durƙushe tana kuka ba sauti. "Tashi, ɗiyata. Na yi shekaru ina ganin abin mamaki a kogi, ban san akwai wani a madafa ba. Allah ne ya ba ki, ki gode masa."

Gwaggon ta miƙe ta kakkaɓe zane. Ta ce ita dai bakinta ba zai taɓa abin da ke da wagga fuska ba, kuma kwandon a ƙofar gida za a cinye shi, ba zai koma ciki ba. Tsohon ya ce ta yi gaskiya, haka za a yi. Ta tsaya ta ƙara duban rabin da ke hannuna, ta sa ɗan yatsa kusa da ƙayoyin ba ta taɓa ba, ta ce, "Uwar amarya, ke mutum ce ko aljana?" Sannan ta kama hannun Yaya, wanda ta riƙe ɗazu, ta ja ta zuwa cikin gida. Kafin su kai tsakar gida ita ce ta fara rangaɗa guɗa, sauran sunka amsa. Da na shiga ɗauko igiyar ɗaurin kayana na ga labulen amarya a ɗage, tana zaune tsakanin uwarta da gwaggon mijinta ana zuba mata alkaki a faranti.

A waje anka raba kwandon. Samarin gidan, waɗanda ba su taɓa sa tarwaɗa a baki ba, kowa ya riƙe tasa yana juyawa, yana jiran wani ya fara. Tsohon ya ce a bar masa guda da ba a karya ba. Na zaɓo masa wadda bakinta ke buɗe. Bai ci ba, ya ɗora ta bisa gwiwarsa.

Ya ce mini, "Tun ina yaro nake cire ta daga taru. Tana da santsi, tana da sauri, kafin ka dube ta ta koma ruwa. Ta kasuwa kuwa kawar da kai nake yi. Ban taɓa samun zama in kalli fuskarta ba sai yau."

Na zauna gefensa bisa jirgin. Shi yana kallonta, ni ina kallonsa, har anka kira la'asar.